Ƙulli a Haɓar Zanen Kaka

Har yau idan na ji warin kalwa tana dahuwa, ƙafafuna ne suke fara amsawa. A gidanmu na Kebbe tukunyar kalwa ba ta sauka da wuri. Kakata, Kaka Ige, mai daddawa ce, kalwa kuwa ba ta laushi sai ta sha wuta yini guda har da ɗori. Saboda haka da an sallame Magariba za a same ta a gindin murhu tana tura itace, mu kuma mu kewaye ta, daga mu jikokinta har 'ya'yan maƙwabta da suke shigowa da sauran tuwo a baki. Lokacinmu daga Magariba ne zuwa kiran lisha. Da ladan ya ɗaga murya, ko kura ta riga ta buɗe baki za ta haɗiye mutum a cikin labarin, haka za a bar ta da baki buɗe sai gobe.

Ita a zaune take yin tatsuniya, amma mu ba ta yarda mu zauna ba. Tana da ƙwarya da take kifawa a kan ruwa cikin masaki, tana kaɗa ta da ludayi. Idan ta ce kwaɗo ya zo, dole wani ya durƙusa ya yi tsalle. Idan ta ce shaho ya kawo sura, sai ka ga yaro ya buɗe hannuwa yana kewaya murhu, kaji na tsiya suna watsewa. Wanda ya ce ya gaji, sai ta nuna masa ƙofa da ludayi.

“Ba ni son ɗan kallo gaban wutata,” in ji ta.

Ba ta farawa sai ta bugi ƙwarya sau uku ta ce, “Wa ad da kunne?” Mu kuma mu amsa da iya ƙarfinmu, “Mu ad da shi, har da ƙafa!”

Doka ɗaya ce da ita da ba a wasa da ita: ba a tatsuniya da rana. “Wanda duk yay yi tatsuniya da rana, ɓata shika yi,” haka take gaya mana. “Shi fita gida, hanya ta juya mai baya, shi nemi ƙofar uwatai shi rasa.” Ba da dariya take faɗa ba, mu ma ba da dariya muke ji ba. Duk yaron unguwarmu ya san wannan kafin ya san Fatiha ta zauna masa daidai.

Ina shekara bakwai, ina aji biyu, aka kawo mana Anti Bose, 'yar bautar ƙasa daga kudu. Hausarta ba ta wuce “sannu” da “zo nan” ba. Kafin zuwanta, Turanci wani abu ne da ake rubutawa a allo mu yi ta rerawa ba mu san ko zagin kanmu muke yi ba. Ita kuwa ran farko ta kore mu daga aji zuwa gindin dogonyaro. Ta ce “Jump!” ta daka tsalle, da ƙaton takalminta da komai. Muka tsaya muna kallon babbar mace tana tsalle a gaban yara. Ta sake faɗa, ta sake dakawa. A karo na uku aji duka yana sama. Kafin mako ya fita mun san tsalle, mun san juyi, mun san tashi sama da tafiya sannu, duk da Turanci, kuma ba a taɓa kowa da bulala ba. Wallahi a lokacin da gudu nake zuwa makaranta, wani lokaci ko koko ban tsaya sha ba.

Da zangon ƙarshe ya zo, sai hedimasta ya fassara mana cewa Anti za ta shirya mana wasa na rawa, da Turanci, a yi shi ranar Alhamis ɗin da za a ba da hutu, a gaban iyaye. A makon ne ita ma za ta gama aikinta ta koma garinsu. Labarin na dabbobi ne da ruwa ya ƙare musu suka fita nema. Tsuntsaye su tashi su duba su rasa, kwaɗi su yi ta tsalle su rasa, sai kunkuru da yake tafe a baya, saboda hancinsa yana kusa da ƙasa, ya ga inda take da danshi. Anti ta yanka fukafukai na kwali ta shafe su da farar ƙasa. Guda biyu sun fi sauran girma, na babbar tsuntsuwa mai jan gaba. Tun da na ɗora ido a kansu na san nawa ne. Wa ya fi ni gudu a ajin? Wa ya fi ni baki?

Aka ba Hassi, ƙawata, wadda ko sunanta aka tambaya sai ta sunkuyar da kai. Ni kuma Anti ta kira ni tana murmushi, ta kifa mini ƙwarya a baya ta ɗaure da tsumma. Ni Luba, uwar gudu, ni ce kunkuru. Maganata a wasan duka ba ta wuce “Slowly, slowly, I am coming” ba. Aji ya fashe da dariya, har da masu riƙe ciki.

Kwana uku ina rarrafe ina kallon Hassi tana shawagi da fukafukaina. Rana ta huɗu, lokacin tara, muna cin ƙosai a bayan aji, sai na ji bakina ya buɗe.

“Kun san abin ga da muka yi kullum kuwa? Tatsuniya ta. Kuma da rana tsaka.”

Na dubi Hassi na ƙara da cewa, “Mai jan gaba ita ka fara ɓata.”

Ƙosan da ke hannunta ya faɗi. Kafin a kaɗa ƙararrawa magana ta gama aji. Anti ta fito da fara'arta ta tafa hannu ta ce “Fly!” Ba wanda ya motsa. Ta sake. Wani ƙaramin yaro ya fashe da kuka yana kiran innarsa, sauran suka kama. Baiwar Allah ta tsaya tana juye-juye, ba ta san abin da ya ci mata aji ba, har sai da hedimasta ya zo ya bincika ya fassara mata. Ya yi mana faɗa, ya ce camfi ne, ya ce shi da ya yi karatu har Sakkwato bai taɓa ganin wanda ya ɓata ba. Aka ce masa ai Kaka Ige ce ta faɗa. A kan lissafi maganarsa ce gaba, amma a kan tatsuniya ba mai sauraronsa idan Kaka ta yi magana. Washegari uwar Hassi ta hana ta zuwa, ita da wasu huɗu. Hedimasta ya ce idan abu bai daidaita ba zuwa Litinin, a bar zancen wasa, a raba sakamako kowa ya tafi gida.

Ranar Juma'a da aka tashi, na hango Anti ita kaɗai a gindin dogonyaro tana cusa fukafukai cikin buhu, tana goge ido da hularta. Abin da na so shi ne a karɓe fukafukai daga Hassi, ban taɓa tunanin za a karɓe wasan daga kowa ba. Abin haushin ma, a hanyar gida sai na kama kaina ina taku ɗaiɗai ina raɗa “slowly, slowly.” Ashe har kunkurun nawa ya shiga raina ban sani ba.

Da yamma yara suka taru gindin murhu. Hassi ta zo da idanu a kumbure, tana riƙe da hannun yayarta gam, ita da gidansu yake kallon namu. Kaka ta riga ta ji komai, don masu sayen daddawa ba sa zuwa da baki a rufe. Amma ba ta tambaye ni ba. Ta bugi ƙwarya sau uku, muka amsa, sannan ta nuna ni da ludayi.

“Luba, ke az zabuwa yau. Tashi.”

Ta ce a garin tsuntsaye akwai ganga guda ɗaya, kuma duk shekara hadari ba ya tsayawa a kansu sai ya ji an kaɗa ta ana rawa. Zabuwa, da zanenta mai ɗige-ɗige da gashin kanta har kafaɗa, ta tabbata ita za a ba jan rawa. Sai aka ba gauraka. Kaka ta sa Hassi ta zama gauraka, ta kaɗa mata ƙwarya, ni kuma ta ce in koma gefe in yi ta harara. Ban sha wuya ba, na riga na ƙware. Zabuwa ta lallaɓa ta sa baki ta huda ganga, don gauraka ta ji kunya. Ranar rawa aka buga, ganga ta ce bus. Kaka ta dafe ƙwarya da tafin hannu ta buga, sautin ya mutu, mu duka muka daskare a inda muke. Hadari ya zo ya tsaya ya kasa kunne, bai ji komai ba, ya wuce gari na gaba. Gauraka ba ta yi rawa ba, gaskiya ne. Amma zabuwa ma ba ta yi ba, ga ƙafafunta suna mata ƙaiƙayi, ga 'yan tsakinta suna bin ta da baki buɗe saboda ƙishirwa.

Da abin ya ishe ta sai ta tafi gun makaɗi ta ce ita ce. Ya ce hujin ba ya toshuwa sai da gashi mai laushi da danƙo, kuma duk garin ba mai gashi irin nata. Ta sunkuyar da kai aka fige shi tas. Aka liƙe ganga, aka kaɗa, hadari ya juyo da gudu. Gauraka ta ja gaba, zabuwa tana can baya da ƙwalelen kai, amma Kaka ta ce duk filin ba wanda ya kai ta jin daɗin rawar. Shi ya sa har yau kan zabuwa ba gashi.

Ta saki kiɗa, yara suka ɓarke da rawa suna kewaya tukunya. Ni kuwa ina tsaye a tsakiya sai kuka ya ƙwace mini. Kaka ta bar ni na yi mai isata.

“Ƙarya niy yi, Kaka?” na tambaye ta ina shessheka. “Ba ke kinka ce ba a yi da rana ba?”

“Ba ki yi ƙarya ba,” ta ce. “Gaskiya kinka faɗi, amma ba don gaskiya kinka faɗe ta ba.”

“To babu magani?”

Ta gyara itace. Ta ce akwai, ɗaure ta ake yi. Babba ya ƙulla haɓar zanensa kafin a fara, muddin ƙullin yana nan hanya ba ta juya wa kowa baya, idan rana ta faɗi a kwance. Ta ce sau ɗaya ta ga kakarta ta yi, ita kanta ba ta taɓa gwadawa ba, kuma ba ta so. Na ga fuskarta a hasken wuta, na gane tsoron da ta koya mana ba na wasa ba ne a wurinta.

“Ni ina ɗaurewa,” ta ce. “Amma gashin kai naki na. Da bakinki za ki faɗa ma Hassi da malamarku abin da yas sa.”

Na juya na gaya wa Hassi nan take. Ta ce ba ta ƙara yi mini magana har abada. Har abadan ya kai ta zuwa kiran lisha.

Ranar Litinin da safe Kaka Ige, wadda ba ta taɓa taka harabar makarantar boko ba, ta ɗaura baƙin zanenta na saƙi, ta ɗauki masaki da ƙwarya da ludayi, ta sa ni gaba. Ta bi gida-gida ta tattaro waɗanda aka hana zuwa. Muka shiga makaranta da ayari, warin daddawa yana mana iso. Na tsaya gaban aji na faɗi abin da na yi, hedimasta yana fassarawa. Na ƙarasa da “Sorry, Anti,” wanda shi ne Turanci na farko da na taɓa yi wa wani ba a sa ni ba. Anti ta durƙusa ta rungume ni.

Kaka ta ce a nuna mata abin da ake yi ɗin. Anti ta ce “Jump!” ta daka tsalle. Ta ce “Fly!” ta buɗe hannuwa ta kewaya dogonyaro. Kaka ta yi dariya har sai da ta dafa ni.

“Ashe wagga 'yar sana'armu ta! Ƙwarya ɗai ta rasa.”

Sannan ta kama haɓar zanenta ta ƙulla, ta ja da haƙori, ta ɗaga sama kowa ya gani. “Na ɗaure ta. Duk wanda yaɓ ɓata, a zo a tambaye ni.” Ihun da muka yi sai da 'yan aji shida suka leƙo ta taga. Aka zazzage buhu, fukafukai suka fito a lanƙwashe, Hassi ta sa nata ta tashi.

Kwana uku tsohuwar nan tana barin tukunyarta a hannun innata tana zuwa. Ta ƙulla da safe, ta kwance da faɗuwar rana. Ita ba Turanci, Anti ba Hausa, amma ka gan su kai a haɗe, wannan ta nuna taku, wannan ta nemo masa kiɗa. Idan kwaɗi suka yi tsalle ba tare ba, Kaka ce take tsayar da kiɗa ta ce a sake. Da ta ga ina sauri, sai ta rage bugu har in ji kamar in yi kuka. “Silole aka ce miki, uwar gaggawa!”

Ranar Alhamis filin makaranta ya cika. Maza a kan benci, mata a tsaye ta gefe da goyo, masu tallan gyaɗa sun ajiye faranti. Kaka tana zaune a tabarma, ƙulli a damƙe a hannun hagu, ludayi a dama. Ta buga sau uku. Tsuntsaye suka fito suna “Fly, fly, fly,” Hassi a gaba, muryarta tana fita tar, uwarta tana rangaɗa guɗa tana cewa ɗiyarta ce. Kwaɗi suka biyo baya, ɗaya ya yi tsalle wandonsa ya zame, ya riƙe da hannu ya ci gaba. Sannan kiɗa ya lafa, fili ya yi shiru, na fito da ƙwarya a baya.

Ban taɓa sanin tafiya sannu tana da daɗi haka ba. Kowane taku sai ludayi ya jira ni. Na miƙa wuya, na leƙa dama, na leƙa hagu, na ce “Slowly, slowly, I am coming.” Mutanen da suka san ni da ƙetare lungu kamar an koro ni suka kwashe da dariya, wani tsoho yana cewa a sake. Na sake, har sau uku. Da na kai gindin dogonyaro na tona ƙasa na ɗaga ƙoƙon ruwan da aka ɓoye, aji duka ya ɗauka, “Water! Water!” Kaka ta saki hannu, Anti ta faɗo cikinmu da takalminta, har hedimasta sai da na ga yana kaɗa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na ƙi yarda a kwance mini ƙwaryar, da ita na tafi gida.

Da yamma a gindin murhu na ce, “Kaka, ni in na girma aikin Anti za ni yi. Kullum sai na yi ma yara wasa.”

Ta dubi cikin idona. Na tuna rana ta faɗi, na ce, “Kin kwance?”

“Ina ruwanki da zanena?” ta ce, ta bugi ƙwarya.

Yanzu shekaru sun ja. Ina koyar da 'yan aji ɗaya a Tambuwal, kuma duk ƙarshen zango sai mun yi wasa. Ina yanka fukafukai na kwali, ina kaɗa ƙwarya a kan ruwa, kuma kunkuru na wanda ya fi kowa rawar kai ne. Yaran da suke zuwa ba su san ko kalma ɗaya ba, kafin wata biyu za ka ji suna ba juna umarni da Turanci a hanyar gida. Na daɗe ina ɗauka darasin daren nan na zabuwa ne kawai, wato kada baƙin ciki ya sa ka huda gangar da kai ma za ka taka. Yana ciki, kuma ya yi mini amfani fiye da sau ɗaya. Amma akwai wani da ban gani ba sai da Kaka ta rasu.

Ina kwalejin horon malamai a Sakkwato aka aiko. Motar Tambuwal ta yi ta tsaye-tsaye, kafin in sami ta Kebbe in isa an riga an kai ta. Bayan kwana uku innata ta kira ni ɗaki ta miƙo mini baƙin zanen saƙi. Yana ninke, ya koɗe, yana warin hayaƙi da daddawa. A haɓarsa ga ƙulli, ya ƙanƙance ya yi tauri kamar ƙwallon goriba.

“Tun ranar wasanku,” in ji Inna. “Ko wanki za a yi sai ta tsaya a kai. Na ce ta kwance, rana ta faɗi tun tuni. Tac ce, ‘Ba ki ga idonta ba? Wagga yarinya ba ta barin tatsuniyar rana har ta mutu. Ga ta nan za ta bi hanyoyin da ban sani ba. Bar shi ɗaure.’”

Na san camfi ne. Na sani tun kafin in gama firamare, kuma na san Allah ne Yake tsare matafiyi. Amma na zauna a ɗakin nan da zane a cinyata na yi kukan da ban yi ba a wurin gaisuwa. Matar nan ta yarda da dokarta har zuciya, tana tsoronta da gaske. Da ta ga abin da nake so yana ƙetaren dokar, ba ta hana ni ba, ba ta kuma ce dokar ƙarya ce ba. Sai ta ɗauki tsoron ta riƙe a wurinta shekara goma sha biyar, ni kuma ta sake ni in yi rawata. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka makwancinta.

Ranar wasa nakan yafa zanen a kafaɗa. Yara sukan zo su taɓa ƙullin, su ce, “Malama, mi ac ciki?” Nakan ce musu babu komai, su je su sa fukafukansu. Sai in zauna a tabarma, in damƙe shi a hannun hagu, in ɗauki ludayi da dama. Rana tana tsaka, fili a cike, kuma kowane ɗayansu zai koma gidan uwarsa.